Clovis Malveaux da Ƙanzon Ɗaki na Sha Huɗu

Da ƙarfe ɗaya da rabi na rana, bayan an ciyar da mutum tamanin da biyu, Clovis Malveaux ba ya zama ya huta. Yakan tsaya a bakin wurin wanke-wanke yana jiran farantan da za su dawo daga ɗakuna. Doka ce a kicin ɗinsa, ba a kankare faranti sai ya gani. Kowane faranti da lambar ɗakinsa. Yakan duba abin da aka ci, da abin da aka ture gefe, da wanda ko taɓawa ba a yi ba, ya rubuta a ɗan littafin da ke aljihun farar rigarsa. Wanda ya bar nama, wataƙila haƙoran robarsa ne suka fara cin dasashi. Wadda ta saba sharce kwano yau ta bar rabi, a gaya wa masu jinya su leƙa ta. Su kansu masu jinyar sun ce sau da yawa yakan riga likita sanin wanda ciwo zai kwantar.

Shekara ashirin da huɗu ke nan yana haka a gidan kula da tsofaffi da ke gefen garin Opelousas, a Jihar Louisiana. Ƙarshen wannan wata zai ajiye aiki, yana da shekara sittin da bakwai. Tun da ya baro New Orleans babu jaridar da ta sake buga hotonsa.

Da can ana bugawa. Yana da shekara goma sha tara ya shiga kicin ɗin wani babban otal a New Orleans da wankin tukwane, ƙarƙashin babban kuku Leander Bijou, mutumin da yake ɗanɗana miya sau ɗaya ya lissafa duk abin da aka zuba a ciki. Bijou yana da doka guda da ba ya sassauta wa kowa: tukunyar da ta kama ta mutu. Ranar da Clovis ya fara dafa shinkafa a gabansa, tsohon ya buɗe murfi ya shinshina, ya ɗauki tukunyar gaba ɗaya ya juye a shara, saboda ƙauri kaɗan da hancin wani ba zai ji ba. Clovis bai sake yarda tukunya ta kama masa ba. Ya hau mataki-mataki har ya gaji doguwar farar hular ubangidan nasa, ya ciyar da manyan baƙi shekara biyar.

Sai wata Lahadi ya je gaida Bijou a gidan tsofaffin da aka kai shi bayan ya daina iya tauna. Ya tarar da faranti a gabansa, da tsibi uku na markaɗaɗɗen abu, duk launin toka.

“Ɗanɗana ka gaya mini, Clovis,” in ji tsohon. “Kifi ne ko kaza?”

Clovis ya ɗanɗana. Ya sake ɗanɗanawa. Bai sani ba.

“To, ka gani. Wata uku ina tambaya, har yau ban samu wanda ya sani ba.”

Bayan mako shida Bijou ya rasu. Kafin shekarar ta fita Clovis ya miƙa takardar barin aiki, ya koma garin haihuwarsa ya nemi kicin ɗin da babu kukun da ke so. Abokan aikinsa suka ce ya taɓu.

Abin da ya yi a wannan kicin akwai shaidu. Lurline Arceneaux, shugabar masu jinya, wadda ta riga shi zuwa gidan da shekara biyu, ta ce shi ya hana a haɗa nama da wake da ganye a markaɗe su tare. Kowanne a markaɗa shi daban, da launinsa da ƙamshinsa, don wanda ba ya iya tauna ya san abin da yake haɗiya. Waɗanda likita ya hana gishiri, ya nemo musu ɗanɗano a lemon tsami da gasasshen tattasai. Shekarar da guguwa ta ɗauke wuta kwana tara, ya fito da murhun gas tsakar gida, kuma babu ranar da wani ya rasa abinci mai zafi. Kai ne gishiri, Mista Clovis, ba a ganin ka a miya, sai ranar da babu kai ake tambaya.

Amma aikin da za a fi tuna shi da shi, a watan jiya ya yi shi, cikin kwana biyar.

Odile Guillory tana da shekara tamanin da tara, tana ɗaki na sha huɗu. Farkon shekara ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke, haɗiya ta zama sai abu mai laushi ƙwarai. Daga nan ta fara ƙin abinci. Nauyinta ya sauko daga laba ɗari da sha biyu zuwa casa'in da shida. Ranar wata Litinin likita ya yanke magana: idan zuwa Juma'a ba ta fara ci ba, sai a kai ta asibiti a huda ciki a sa mata robar ciyarwa. Takardar amincewa tana hannun 'yarta Bernadine, sa hannu kawai ya rage.

Bernadine ta samu Clovis a ƙofar kicin, takardar a naɗe a hannunta.

“Mista Clovis, Mama ta sa na yi mata alkawari tun tana da baki. Ta ce, Bernadine, ranar da kika bari aka huda min ciki kamar buhun shinkafa, ban yafe ba. To yanzu in sa hannu in ci amanarta, ko in ƙi in zuba ido yunwa ta kashe ta?”

“Me ta fi so a da?”

“Komai tana ci. Ba ta taɓa zaɓen abinci ba.”

“Babu wanda ba ya zaɓe, Mis Bernadine. Akwai dai wanda bai taɓa faɗa ba. Riƙe alƙalaminki zuwa Juma'a.”

Ya fara da abin da ya fi iyawa. Ranar Talata ya yi mata gumbo, miyar kuɓewa da jatan lande, irin wadda a da ake layi a otal saboda ita, ya markaɗa ya tace har ta yi santsi. Ta dawo. Da yamma ya yi mata ƙwai da madara da dankali mai zaƙi. Ya dawo. Ranar Laraba da rana ya yi jan wake da romon kaza. Shi ma ya dawo, sai dai wannan karon Clovis ya daɗe yana kallon farantin. An ture abincin duka zuwa gefe, tsakiyar farantin wayam, ga sawun cokali layi-layi a kai. Ya buɗe littafinsa, ya ga jiya ma abin da ya rubuta ke nan: an ture gefe.

“Wa ke ba ta?” ya tambayi Lurline.

“Ni da kaina. Ƙwace cokalin take yi da hannun hagu, ta ture abincin, ta yi ta kankarar faranti. Ciwon ne ya taɓa mata kai, Clovis. Mun sha ganin irinsa.”

Clovis ya ɗauki farantin yadda yake, ya nufi baranda wurin Theophile Ledet. Theophile yana da shekara casa'in da ɗaya, yana kan keken guragu, tsohon ma'aikacin injin casar shinkafa ne, kuma shekara shida da ya yi a gidan bai taɓa yabon abinci ko sau ɗaya ba. Shi da Odile a ƙauye ɗaya suka tashi.

“A'a, kukun birni ne da kansa,” in ji Theophile. “Yau kuma wa ka kashe?”

“Mista Theo, dubi wannan. Na Mis Odile ne.”

Tsohon ya gyara tabarau ya duba. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

“Shekara nawa kana girki?”

“Arba'in da takwas.”

“Har da lambobin yabo, ko? Kai, an yi asarar hula. Ƙanzo take nema, malam. Ƙanzo!”

Tsohon ya ba shi labari. Su goma sha ɗaya ne a gidan su Odile, ita ce auta. Ubansu gonar wani yake nomawa a raba amfani. Idan an sauke shinkafa, masu zuwa gona ake fara zuba wa, sannan na ƙasa da su, kafin a zo kanta sai gindin tukunya. Uwar takan zuba ɗan madara a kan ƙanzon, ta miƙa mata tukunyar da cokali, ta zauna a bakin ƙofa.

“Daga ƙetaren rafi muna jin ƙarar cokalinta,” in ji Theophile. “Uwata takan ce, to, gidan Guillory sun gama cin abinci. Kuma ka kuskura ka miƙa hannu cikin tukunyar nan, ka ga yadda ake cizo.” Ya nuna wani tabo a bayan hannunsa. Ko na cizon ne ko na injin casa, shi ya sani.

Aka gaya wa Bernadine. Ta ce a gidansu uwarta ba ta taɓa barin shinkafa ta kama ba, tukwanenta kullum kamar madubi. Sau ɗaya Bernadine ta kankari gindin tukunya tana yarinya, uwar ta ƙwace ta ce wannan abincin talauci ne, 'ya'yanta ba za su san shi ba.

Matsalar ita ce a kicin ɗin gidan da tururi ake dafa shinkafa, ba ta ƙanzo. Matsala ta biyu, wadda ta fi girma, kukun bai iya ba.

Ranar Alhamis da safe ya zo da baƙar tukunyar ƙarfe daga gidansa. Tukunya ta farko, da ƙauri ya fara tashi hannunsa ya riga tunaninsa, ya sauke. Shinkafa fara sol, babu ko ɗigon ƙanzo. Ta biyu ya sa hannayensa a aljihu ya juya mata baya. Hayaƙi ya turnuƙe, ƙararrawar gobara ta ɗauka, aka turo tsofaffi tamanin da biyu waje kan ciyawa, motocin 'yan kwana-kwana biyu suka iso. Shugabansu ya shiga kicin, ya fito riƙe da tukunyar.

“Mista Clovis, kai ne? Kai da kanka? Bari in kira matata, ta daina jin kunyar girkinta.”

Shugabar gidan ba ta yi dariya ba. Ta ce idan ƙararrawar ta sake kaɗawa, zai yi bayani a rubuce. Clovis ya ce ya ji, ya fitar da murhun gas bayan kicin, ya turo keken Theophile kusa.

Tukunya ta uku ma ta zarce. Theophile ya kankaro kaɗan ya shinshina ya yar.

“Wannan gawayi ne. Ƙanzo ja yake yi, kamar bayan burodi. Kai da ido da hanci kake girki, shi ya sa. Da kunne ake yi. Rage wutar. Ka saurara, idan ruwa ya tsotse za ta fara ƙara kamar yayyafi a kan rufin kwano. Daga nan ka karanta addu'ar Ubanmu Wanda Ke Cikin Sama sau uku, ba da gudu ba, ka sauke. Ko addu'ar ma ba ka iya ba?”

“Na iya.”

“To mu ji. Na san ta birni gajeruwa ce.”

Masu wanki da suka leƙo ta taga sun ga babban kukun otal a tsugune, kunnensa dab da murfin tukunya, yana addu'a a bayyane, wani tsoho yana ƙirga masa da yatsu. Tukunya ta huɗu ta yi. Theophile ya tauna da haƙoransa biyu da suka rage, ya ce, “Ba laifi.” Wannan shi ne yabo mafi girma da aka taɓa ji daga bakinsa.

Saura aikin da Clovis ya ƙware a kai, domin ƙanzo yadda yake zai iya shaƙe Odile. Ya jiƙa shi a madara mai zafi, ya sa man shanu, ya markaɗa, ya tace sau biyu a rariya mafi ƙanƙantar ido. Lurline ta ɗiba a cokali ta karkata shi, kamar yadda doka ta ce, abin ya zame a dunƙule bai tsiyaya ba. Ta amince. Da tsakar rana aka kai wa Odile a farin kwano. Ta shinshina, ta buɗe ido sosai, ta karɓi cokali biyu daga hannun Lurline. Sannan ta juya fuska bango.

Cokali biyu ba za su hana huda ciki ba, ga shi Juma'a gobe. Clovis ya koma baranda.

“A me ka ba ta?” in ji Theophile.

“A kwano.”

“A kwano! Wa ka taɓa gani ya ci ƙanzo a kwano? Har a baki aka ba ta ma, ko? Ai sai ku sa mata kambun sarauniya ku huta.”

Dokar gidan ta hana shiga da tukunyar ƙarfe ɗakin mai jinya. Clovis ya je ofis ya tsaya, hula a hannu, har shugabar ta yarda da sharaɗi biyu: tukunyar ta huce sarai, kuma Lurline tana wurin. Da ƙarfe biyar na yamma ya shafa markaɗaɗɗen ƙanzon a gindin tukunyar, shafi marar kauri, kamar a nan ya kama. Ya shimfiɗa tawul a cinyar Odile, ya ɗora tukunyar, ya sa mata cokali a hannun hagu, ya ja da baya ya tsaya a bakin ƙofa.

Ta daɗe tana kallon cikin tukunyar. Sai cokali ya sauka, ƙarfe ya gogi ƙarfe. Ta kai baki. Ta haɗiye. Ta sake kankara.

Lurline tana ƙirgawa a ranta. Wajen cokali na goma sha biyu tukunyar ta ɗan karkace, Bernadine ta miƙa hannu za ta gyara. Cokali ya sauka a bayan hannunta, ƙwas.

“Nawa,” in ji Odile.

Kalmar ba ta fita daidai ba, amma mutum uku sun ji ta, kuma ita ce ta farko cikin wata huɗu. Bernadine ta janye hannu ta ce, “Naki ne, Mama. Ba wanda zai taɓa.” Ta fita baranda ta daɗe ba ta dawo ba. Clovis ya koma kicin, domin akwai sauran mutum tamanin da ɗaya da ke jiran abincin yamma.

Cokali talatin da ɗaya ta ci a ranar. Juma'a da safe ta ci arba'in. Da aka ɗora ta a ma'auni, nauyinta casa'in da biyar da rabi, wato bai ƙaru ba. Likita ya karanta lissafin cokulan, ya dubi tukunyar, ya ce a ƙara mako biyu a gani. A cikin makonnin nan Clovis ya riƙa saka kaza da dankali a cikin markaɗen kaɗan-kaɗan, ƙamshin ƙanzo yana rufe su. Awo na gaba ya nuna casa'in da takwas. Bernadine ta mayar wa ofis takardar ba tare da sa hannu ba.

Babu wanda ya ce Odile Guillory ta warke. Shekarunta tamanin da tara, ɓarin jikinta yana nan a shanye, kalmominta ba su wuce biyar ba. Abin da za a iya faɗa shi ne, tana cin abinci da hannunta, cikinta ba a huda ba, 'yarta kuma ba ta karya alkawari ba.

Kai ne, Mista Clovis, wanda ya yi shekara arba'in da takwas yana tsare doka guda, ranar da ka ga dokar za ta hana tsohuwa cin abinci ka ajiye ta. Kai ne ka durƙusa a bayan kicin wani tsoho yana yi maka dariya, ba ka ce ai ni ne na ciyar da manya ba. Baƙar tukunya mai fidda farin tuwo, wannan karon jan ƙanzo ka fitar, kuma ya fi duk abin da ka taɓa dafawa amfani. A madadin waɗanda ka ciyar, da masu bakin godiya da waɗanda bakin ya ɗauke, da 'ya'yansu da ke kwana da sanin iyayensu sun ƙoshi, mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya haɗa ka da mai dafa maka kamar yadda ka dafa wa wasu.

Ga masu girki a asibitoci da makarantu da gidaje irin wannan, abin koyi a nan ba ya buƙatar takardar shaida. Kafin a zubar da abin da ya dawo, a tsaya a dube shi. Ga masu iyaye a raye kuwa, a tambaye su tun suna da baki: me kuka ci kuna yara, a cikin me, wa ya miƙo muku? Wataƙila su ji kunya su kauce. A sake tambaya.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi masa walimar bankwana a ɗakin cin abinci. Sabuwar kukun da za ta gaje shi tana wurin, ta riga ta ƙona tukunya shida a bayan kicin wajen koyon ƙanzo kafin ta samu ta bakwai, kuma Clovis ya bar mata baƙar tukunyar. Da aka nemi wanda zai yi magana a madadin mazauna gidan, Theophile Ledet ya ɗaga kofinsa na roba.

“Shekara ashirin da huɗu mutumin nan yana ba mu wahala,” ya ce. “Sai da ya koyi girki, sannan zai tafi.”

Odile Guillory ba ta halarci walimar ba. An sa walimar ƙarfe biyar, lokacin cin abincinta ne.